An nuna mana zanen bene na gilashi: shi ne ginin jami'a na zamani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata jami'a a Arewa. An saka ni a kwamitin da zai duba zanen sabon ginin tsangayarmu kafin a ba da kwangila. Mai zanen ya zo mana da hotuna: bene hawa huɗu, gabansa duk gilashi, da tiyatar lakca mai cin mutum dubu. Ya ce irin na Singafo da Turai ne. Kowa ya yaba, ni kuwa ban san abin da zan duba ba, tunda kimiyyar sinadarai na karanta. Mene ne ginin karatu na zamani, kuma me ya kamata in tambaya a zama na gaba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ku ikon sauke nauyin. Kada ki raina kanki a zaman nan don sinadarai kika karanta. Mai zane ya san rodi da kankare, amma ke kika san yadda aji yake komawa da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, an ɗauke wuta, ɗalibai ɗari uku suna fifita da littattafansu. Wannan ba ya cikin kwamfutarsa. Na daɗe ina zana gine-ginen makarantu, ina kuma duba na wasu, kuma mafi yawan kurakuran da na gani, har da nawa, a kan teburin kwamiti suka wuce saboda malamai sun yi kawaici. Tun ran gini tun ran zane. In an zuba kankare, gyara sai da guduma.

Da farko ki ce a ajiye kyakkyawan hoton nan gefe. A cikinsa sama garau take, ciyawa shar, babu ƙura, ɗalibai biyar kacal ke yawo da jakunkuna. Ki nemi zanen ƙasa, wanda ke nuna ɗakuna kamar an cire rufi an leƙa daga sama, mai ɗauke da kibiyar da ke nuna arewa. Sannan ki nemi wanda ke nuna ginin kamar an yanka shi daga sama zuwa ƙasa, don ki ga tsawon silin da inda iska za ta bi. A kan waɗannan biyun ake gardama mai amfani.

Ni ma'aunina ɗaya ne idan na shiga ginin tsangaya. Ɗaliba ta fito lakca ƙarfe goma, ta gaba sai sha biyu. Ina za ta zauna? A jami'o'inmu kin san amsar: gindin darbejiya, matakalar bene, barandar masallaci, ko bencin mai fotokofi. Tsohon tsari ya ɗauka cewa karatu a aji kawai yake faruwa, don haka ake jera ajujuwa kamar shagunan haya, a bar siririn lungu a gabansu don wucewa. Abin da ya sauya a shekaru talatin ɗin nan shi ne an gane cewa awa biyun nan ma karatu ne, wani lokaci ma sun fi lakcar, domin a nan ne wanda ya gane yake yi wa wanda bai gane ba bayani. Ginin da ya tanadar wa wannan lokacin wuri shi nake kira na zamani, ko da bulo tsura aka yi shi. Wanda bai tanada ba, tsohon yayi ne da sabuwar riga.

Cikin ajin ma an samu sauyi, kuma ba kwalliya ta kawo shi ba. A shekarun 1990 wani malamin fiziks, Robert Beichner, a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya cire kujerun da ke fuskantar allo ya sa tebura masu zagaye. Kowane tebur mutum tara, an raba su uku-uku, alluna a jikin kowane bango, malami a tsakiya yana zagayawa. Ana ba su matsala su warware, shi kuma ya bi yana duba inda suka maƙale. Cibiyar MIT, wata babbar jami'ar fasaha a Amurka, ta ɗauki irin tsarin don koyar da fiziks ga 'yan shekarar farko, da tebura 13 a ɗaki guda. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka kwatanta. A ajujuwan da malami ke magana shi kaɗai, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa. A waɗanda ake sa ɗalibai aiki cikin aji, kusan kashi 22. Ki lissafa wannan tazarar a kan ajin mutum ɗari biyar, ki ga yawan masu ɗaukar kwas zuwa shekara ta gaba da za a rage.

Sai dai kada a yaudare ki cewa tebur mai zagaye shi ke koyarwa. Ɗalibai ma ba lallai su so shi ba. Na MIT sai da suka rubuta koke a farkon tsarin. A 2019 wani gwaji da aka yi a Harvard ya nuna ɗalibai sun fi jin daɗin lakcar gwanin malami, suna ganin sun fi ganewa a cikinta, amma da aka yi jarrabawa sai waɗanda aka sa aiki suka fi cin maki. In malami bai sauya salon koyarwarsa ba, ya shiga irin wannan ɗakin ya tsaya yana karanto nota, ya fi muni ma, don rabin ajin sun ba shi ƙeya. Ga kuma tsada. A tiyata, ɗalibi yana cin kamar murabba'in mita ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka. A ɗakin tebura yana cin biyu ko fiye. Wato da kuɗin da za a zaunar da mutum ɗari biyu a can, ɗari za a zaunar a nan.

Saboda haka ba zan ce a soke tiyata ba. Duk wanda ya taɓa ganin ajin 'yan shekarar farko a kwas ɗin da tsangaya uku ke haɗuwa ya san ba a raba su tara-tara. Amma mutum dubu a ɗaki ɗaya ya yi yawa. Irin wannan zauren taron yaye ɗalibai ne, ba na koyar da daidaita lissafin sinadarai ba. Da ni ne a kwamitinku, da na nemi a rage ta zuwa ɗari biyar, a kai rarar kuɗin ga ajujuwa masu shimfiɗaɗɗen daɓe na mutum sittin zuwa ɗari, masu teburan da ake iya ja a haɗa. A tiyatar kanta akwai wata dabara mai sauƙi: maimakon kowane layi ya hau tudunsa, a sa layi biyu a kan kowane tudu, kujerun layin gaba masu juyawa. Malami ya ce ku tattauna, na gaba su juya su fuskanci na baya a kan tebur ɗaya, minti biyar su juyo. Ƙarin fili kaɗan take ci.

Sai gani da ji, waɗanda ake mantawa da su har sai ranar lakcar farko. Ƙa'idar da muke bi ita ce, na ƙarshen aji kada nisansa da allon majigi ya wuce ninki shida na tsayin hoton. In hoton mita biyu ne, layin ƙarshe ya tsaya a mita sha biyu. Ki ɗauki rula ki auna a kan zanen, ba sai kin zama injiniya ba. Ki kuma duba kada allon majigi ya sauko ya rufe allon rubutu. Ke da za ki nuna hoton sinadari kina kuma rubuta lissafinsa, duka biyun kike buƙata a lokaci guda.

Maganar ji kuwa, bari in ba ki labarin wata tiyata da aka kira ni in duba bayan an buɗe ta. Daga waje ba ta da makusa. Tayil mai sheƙi a ƙasa, tayil har rabin bango, silin mai santsi, ga fitilu kamar zauren biki. Na tsaya a tsakiya na tafa hannu sau ɗaya, sai da na ƙirga kusan uku kafin ƙarar ta mutu. Da malami ya fara magana, kowace kalma tana cin karo da wadda ta gabace ta, daga layi na goma zuwa baya gunaguni kawai ake ji. Suka sayo manyan lasifika biyu, abin ya ƙara dagulewa, don amsa-kuwwar aka ƙara wa ƙarfi. Ga janareta an girke shi daidai bayan tagar da ke kusa da allo. Ɗalibai kan turo ɗaya da asuba ya jera littattafai a layukan gaba ya kama wa abokansa wuri, saboda sun san wanda ya zauna a baya ya zo rakiya ne. Gyaran da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne: muka lulluɓe bangon baya da katako mai ramuka da abin tsotse sauti a bayansa, muka sauya rabin silin, aka matsar da janareta. Da an sa a zane tun farko, da kuɗin bai kai rabin na gyaran ba. A ƙaramin aji ana so ƙara ta mutu cikin kamar sakan 0.6, a babbar tiyata kusan sakan ɗaya. Ki tambayi mai zanenku sakan nawa ya lissafa wa tiyatarsa. In ya tsaya yana kallonki, kin samu amsa.

To, mu je Singafo ɗin da ya ambata. Ginin karatun da aka fi nuna hotonsa daga can shi ne wanda ake kira The Hive a Jami'ar Fasaha ta Nanyang, wanda ofishin Thomas Heatherwick na Ingila ya zana, aka buɗe a 2015. Abin da zai ba ki mamaki, daga waje kankare ne kusan gaba ɗaya. Hasumiyoyi ne 12 da suka kewaye wani fili a tsakiya, hawa takwas, da ajujuwa 56 waɗanda ba su da kusurwa, ba su da gaba ko baya. Mutanen can suna kamanta shi da kwandunan da Sinawa ke turara abinci a ciki, an ɗora wani kan wani. Gilashin ajujuwan ciki yake kallo, wajen tsakar ginin da ke cikin inuwa, kuma tsakar a buɗe take, iska na ratsawa. Babu doguwar hanya irin ta asibiti. Ka fito aji sai ka faɗa baranda mai wurin zama, kana hangen na sama da na ƙasa. Wato dai tsakar gida ce aka ɗaga ta sama. Wannan tunanin ne abin ɗauka, ba siffar ba. A Turai kuma wanda aka fi yayatawa shi ne Rolex Learning Center a Lozan ta ƙasar Suwizalan, na 2010, ɗaki guda ƙato mai daɓe da ke hawa yana gangarawa kamar tuddai, kewaye da gilashi. A can gilashi alheri ne, don rabin shekara neman rana suke yi. Mu kuwa gudunta muke. Singafo ma, duk da zafinta, da wuya ta wuce digiri 33 ko 34, ana ruwa kusan duk shekara yana wanke gini, babu hazon hunturu, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ga lissafin da nake so ki riƙe. Mutum a zaune yana fitar da zafi kamar wat ɗari. Ɗalibai ɗari biyar ke nan kilowat hamsin, kamar ki kunna dutsen guga hamsin a ɗaki ki rufe ƙofa. Wannan tun kafin rana ta shigo. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya dumama daɓe da kujeru, zafin kuma ba ya samun hanyar fita. Ginin gilashi a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda bazara ke kai digiri 40 har ta wuce, ba ya rayuwa sai da esi, esi kuma ba ya rayuwa sai da wuta. Ranar da dizal ya ƙare, an koma gindin bishiya. Ke kin fi ni sanin ɗaya matsalar: iskar waje tana da kabon dayoksaid kusan kashi 420 cikin miliyan, amma cikakken aji a rufe yakan haura dubu cikin ɗan lokaci, kuma esin da ake maƙalawa a bango iskar cikin ɗaki yake juyawa, ba ya kawo sabuwa. Gyangyaɗin da muke ɗora wa tuwon rana, wani lokaci laifin ɗakin ne.

Don haka ki duba kibiyar arewa. A ƙasarmu ana so dogon gini ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagoginsa su kalli kudu da arewa. Da tsakar rana, rana a sama take, ɗan rufin baranda ya isa ya tare ta. Ranar safe da ta la'asar kuwa a kwance suke shigowa, babu rumfar da ke tare su, kuma ta yamma ta fi cutarwa don tana zuwa ne bayan gini ya riga ya sha zafi. Bangon yamma a ba shi matakala da banɗaki da sito, ba aji ba. Kada a bar gefen arewa ba rumfa da sunan ba ya ganin rana. A wajen Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa. Bangon gabas kuma shi ke shan dukan hadari, kamar yadda kowane magini na gargajiya zai gaya miki. In kika ga gaban gilashin nan yamma yake kallo, saboda can titi yake kuma ana so a gani, to a nan za ki kafe.

In ana neman abin koyi daga waje, ni Senegal zan kai kwamitinku. A garin Bambey, gabas da Dakar, akwai Jami'ar Alioune Diop, a yankin da zafinsa da ƙurarsa da ƙarancin ruwansa suka yi kama da namu. Wani kamfanin Sifen mai suna IDOM ya zana musu ginin lakca wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2019. Masu zanen sun lura da inda ɗalibai ke taruwa, wato inuwar bishiyoyi, sai suka yi ginin ya zama kamar wata babbar bishiya. Akwai tiyata ta mutum 500, da ajujuwa na mutum hamsin da na ɗari, da ɗakunan gwaje-gwaje da ofisoshin malamai, duka a ƙarƙashin rufi biyu. Na sama, na ƙarfe, shi ke shan rana. Tsakaninsa da na ajujuwa akwai sarari, iska mai zafi ta bi ta nan ta fice, ba ta sauko kan ɗalibai ba. A gefen kudu suka ja wata katanga mai ramuka, tsawonta mita 203, da bulon da ma'aikatan yankin suka buga a wurin. Tana tare rana, tana barin iska da haske mai laushi su wuce. Tsakaninta da ajujuwa aka shuka wata ciyawa mai ƙamshin lemo wadda sauro ba ya so. A gefen arewa rufin ya miƙe ya zama doguwar rumfa, inda ake zama tsakanin lakca da lakca. Ruwan da aka yi amfani da shi ma ana tace shi a ba shuke-shuke. Bayanan da aka fitar lokacin kyautar sun ce cikin ginin yakan fi waje sanyi da digiri goma zuwa sha biyar. Ko da rabin haka aka samu, ki kwatanta aji mai digiri 42 da mai 35 ana fanka. Abin da ya fi burge ni shi ne babu abin da birkila da mai walda na garinku ba za su iya gyarawa ba a irin wannan ginin.

Ba shi kaɗai ba ne. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022, ya gina cibiyar koyon fasaha a Kudugu da bangon jar ƙasa da aka gauraya da siminti aka zuba a ƙwarangwal kamar kankare, ya kewaye barandu da itacen turare. A Najeriya ma ba baƙon abu ba ne. Babban laburaren Jami'ar Ibadan, wanda Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a shekarun 1950, bangon ramuka ne ke kare shi daga rana. Zauren gidan kakanki mai kaurin bango da 'yar taga can sama, shi ma lissafin ke nan: ƙasa mai kauri tana jinkirta zafi, iska mai zafi tana fita ta sama. Ba cewa nake a gina tsangaya da tubali da azara ba. Cewa nake mun yar da ilimin ne da gangan saboda muna ganin gilashi shi ne wayewa.

Amma akwai ƙura, kuma duk wanda ya ce miki iska kaɗai ta isa bai kwana a Arewa a watan Janairu ba. Bangon ramuka ba ya tare hazo. Shawarata a raba ɗakuna gida biyu. Ajujuwa da tiyata da wuraren zama a zana su yadda za a iya karatu cikinsu da taga da fanka kawai, silin mai tsawo, tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, kuma irin waɗanda ake buɗewa gaba ɗaya, a rufe su in hunturu ya taso. Tagar almuniyam mai zugewa gefe, wadda 'yan kwangila ke so, rabinta kawai ke buɗuwa. Ɗakunan da ba sa jure ƙura da zafi kuma, wato ɗakin kwamfutoci da na na'urorin awo masu tsada, a tara su wuri ɗaya, a toshe su da kyau, a ba su esi da sola da batirinsu na daban. Sanyaya ɗaki huɗu abu ne mai yiwuwa. Sanyaya bene hawa huɗu har abada kuwa, ki tambayi ma'ajin jami'a ko zai sa hannu.

A ɗakin gwaje-gwaje ke ce gwana, kada ki bari a yi miki na ganin dama. Ƙofa biyu masu buɗewa waje. Akwatin zuƙe hayaƙi mai bututun da ya fita saman rufi, ba wanda ke hurawa baranda ba. Wurin wanke ido da shawa ta gaggawa, da tankinsu na kansu, don famfon da babu ruwa ado ne. Tukwanen gas a waje cikin keji. Siton sinadarai mai iska, nesa da bangon yamma. Na sha ganin an gama gini sannan a tuna da bututu, a dawo ana fasa kankaren rufi.

Mu koma ga ɗalibar nan ta ƙarfe goma. Baranda mai faɗin mita ɗaya da rabi hanya ce kawai. In ta kai mita uku zuwa huɗu, ta zama wurin zama: dakali na kankare a jikin bango, tebur nan da can, allo a bango wanda kowa zai iya rubutu a kai, da soket, soket mai yawa. Ki lura da inda ɗalibai ke cunkushewa a tsohon gininku, za ki ga inda ake cajin waya ne. Yanzu littafin ɗalibi da notarsa da takardun jarrabawar baya duk a waya suke, don haka soket ya zama kamar fitila. A bambanta wurin surutu da na shiru, don masu tattaunawa da mai bitar jarrabawa ba sa zama inuwa ɗaya. A kuma tuna da karatun dare. Lokacin jarrabawa ginin nan ba ya barci, saboda haka a ware aji biyu ko uku a ƙasa, kusa da mai gadi, masu fitilar sola, da hanya mai haske har zuwa ɗakunan kwanan mata. Lungu mai duhu a bayan matakala kuskuren zane ne, kuma mata ne ke biyan kuɗinsa.

Tunda ke ce a wurin, wataƙila ke kaɗai ce mace, ki ƙirga banɗakunan mata a zanen ki kwatanta da yawan ɗalibai mata. Ki duba ko ƙofarsu tana kallon inda samari ke zama. Ki tambayi wurin alwala, don in ba a yi shi ba za a yi ta a bakin baranda, ruwa ya ci gindin bango. Ɗan ƙaramin ɗaki na masu shayarwa ba ya cin komai a kasafi, kuma kin san yawan ɗalibanki masu goyo. Sai masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna musu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta a yi gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Lif a bene hawa huɗu yana da kyau ranar da yake aiki. Ni na fi natsuwa da gini hawa biyu mai gangara ta keken guragu, manyan ajujuwa duk a ƙasa. Filin jami'o'inmu ba ƙaranci ya yi ba, ba mu da dalilin hawa sama irin na Singafo.

Abu ɗaya kuma da ba a iya gani a hoto: ginin zai yarda a sauya shi? A MIT akwai wani gini na katako da aka yi cikin gaggawa a 1943 don binciken na'urar rada, mai hango jirage daga nesa, lokacin yaƙi, ana kiransa Gini na 20. An yi shi ne don ɗan lokaci, sai ya kai 1998. Mummuna ne, yana yoyo, amma saboda babu mai jin tausayinsa, masu bincike kan fasa bango su ja waya yadda suke so, kuma manyan ayyuka sun fito daga cikinsa, har da sashen nazarin harshe da Noam Chomsky ya yi aiki a ciki. Da aka rushe shi aka gina Stata Center a wurin, zanen shahararren Frank Gehry, aka buɗe a 2004. A 2007 jami'ar ta kai ƙarar mai zanen da kamfanin ginin kan yoyo da tsagewa, daga baya suka sasanta. Abin da za ki ɗauka a nan: ginshiƙai su ɗauki nauyin gini, bangon da ke tsakanin ajujuwa ya zama wanda za a iya cirewa, wayoyi da bututu su bi inda hannu zai kai. Kwas ɗin da ke da ɗalibi arba'in bana yana iya zama na ɗari biyu nan da shekara biyar.

Kuɗin gini yakan zo a dunƙule, daga TETFund ko gwamnati ko wani mai hali da ke son a sa sunansa. Kuɗin kula da gini kuwa daga ɗan abin da jami'a ke samu yake fita, kowace shekara. Don haka duk abin da aka nuna muku, ki tambaya wa zai gyara shi kuma a wace kasuwa ake sayar da kayansa. Ƙwan fitilar da ke mita tara a saman tiyata, da wane tsani za a sauya shi? Gilashin hawa na huɗu, wa zai wanke shi bayan hunturu? Kujerar nan mai naɗewa, in maɗaurinta ya karye, mai walda zai iya ko sai an yi oda?

Kafin zaman, ki yi abu biyu. Ki ɗauki ma'aunin zafi daga ɗakin gwajinku ki zagaya tsohon ginin da ƙarfe uku na rana, ki rubuta abin da kika samu a aji mai kallon yamma, da mai kallon kudu, da gindin bishiyar da ɗalibai ke zama. Sannan ki karɓi jadawalin lakcoci da yawan ɗaliban kowane kwas daga jami'in jarrabawa. Ki ajiye su a gaban mai zanen, ki ce ya nuna miki a kan zanensa inda 'yan aji ɗaya za su zauna ranar Talata da ƙarfe biyu in babu wuta, da inda za su nufa in an tashi.